Haɗuwar masu son mota da tafiyar ayari: tambayoyi da amsoshi kan ladabin tuƙi

A Abuja da Kaduna da Kano, samari masu sha'awar mota kan haɗu ranar Asabar ko Lahadi, a jera motoci, a buɗe bonet, a sha hira a kan inji da taya, wani lokaci kuma a ɗunguma a ayari zuwa wani gari. Sha'awa ce mai kyau. Sai dai titin da ayarin yake bi shi ne wanda ɗan acaɓa da mai Adaidaita Sahu da yaron da aka aika sayen kalanzir suke bi. Ga tambayoyin da sababbin shiga suka fi yi.

Me ya bambanta tuƙi a ayari da tuƙin mutum shi kaɗai?

Kunya da gasa. Idan kai kaɗai ne, za ka ga tirela a gabanka ka yi haƙuri har hanya ta buɗe. Amma idan abokinka ya riga ya sha gabanta, kana hango bayan motarsa yana nisa, sai zuciya ta ce maka bi shi kawai. Shi ya ga hanya lokacin da ya fita, kai kuwa ba ka ga komai ba, amanar idonsa ka ɗauka. A nan ake yin taho-mu-gama. Saboda haka dokar farko a kowane ayari ita ce kowane direba shi ke da alhakin motarsa. Wucewar na gaba ba izini ba ce gare ka, kuma ko ya miƙo hannu ta taga yana yafuto ka, kada ka fita sai ka ga hanyar da idonka.

Wane gudu ya kamata jagora ya riƙe?

Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ba ƙaramar motar gida kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babban titi mai hannu biyu. Jagoran ayari ya kamata ya tsaya ƙasa da wannan iyaka, kuma dalilin lissafi ne.

A ce jagora yana kan 100 a hanyar Kano zuwa Zariya, sai motar ƙarshe ta maƙale minti ɗaya a cunkoson Kura. A cikin wannan minti jagora ya ba ta fiye da kilomita ɗaya da rabi. Kafin ta kamo shi sai ta yi gudun 130 na sama da minti uku, tana kutsawa tsakanin tireloli da motocin haya. To da jagoran yana kan 80 ne, da na bayan ya kamo shi cikin minti huɗu a kan 100, bai karya doka ba, bai kuma firgita kowa ba. Wannan shi ne abin da jagorori da yawa ba su gane ba: na gaba yana ganin tafiya ake yi a hankali, na ƙarshe kuwa tsere yake yi. Shi ya sa ake sa sababbin direbobi da motoci marasa ƙarfi kusa da jagora, a bar gogaggen direba mai sanyin zuciya a can ƙarshe, ya riƙa lura da wanda ya samu matsala. Ni a ganina jagoran da ba ya yawan duba madubi bai cancanci jan ayari ba, komai ƙwarewarsa.

Tazara nawa za a bari tsakanin mota da mota?

Aƙalla daƙiƙa biyu. Ka zaɓi wata alama a bakin hanya, bishiya ko turken lantarki, idan motar gabanka ta wuce ta sai ka fara ƙirge. In ka iso wurin kafin daƙiƙa biyu su cika, ka matse da yawa. A gudun 100 mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka daƙiƙa biyu sun kai mita 56, wato tsawon motoci wajen 12. Idan ana ruwa, ko hazon hunturu ya rufe hanya, a ninka. A kuma tuna cewa idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki yake buƙata ninkawa yake yi sau huɗu.

Na san masu ɗaukar bidiyo sun fi son ganin motoci bamba da bamba, domin ya fi kyau a TikTok. Amma akuya ɗaya ta tsallaka titi a Kwanar Ɗangora, na gaba ya taka birki, motoci biyar sun shiga juna ke nan.

Idan wata motar da ba ta cikinmu ta shigo tsakiya fa?

A ba ta wuri. Motoci goma da suka bar tazarar da ta dace, tsawonsu ya haura rabin kilomita, kuma babu wanda zai iya wuce rabin kilomita a tashi ɗaya. Dole mutane su shigo tsakaninku. Matse wa mutum hanya, ko danna masa hon da haske shi da fitila don ya fita daga layinku, zalunci ne. Ƙungiyar masu son mota ba ta da wani haƙƙi a kan titi da ya wuce na mai Golf ɗin da ya ɗauko iyalinsa. Jiniya kuwa doka ta keɓe ta ga motocin gaggawa da wasu jami'ai, sa ta a motar gida laifi ne. Idan motocin sun yi yawa, a kasa su gida-gida, biyar ko shida, kowane rukuni da jagoransa.

Danja ta tsayar da ni, sauran sun wuce. Yaya zan yi?

Ka tsaya. Tun kafin a tashi ake faɗa wa kowa hanyar da za a bi da wuraren da za a jira juna, misali gidan mai kaza bayan an fita gari. Wanda ya san inda za a haɗu ba zai keta danja ko ya kutsa shataletale da ƙarfi ba.

Ana kunna fitilun hazad, wato siginar dama da hagu masu ƙiftawa tare, a ayari?

A'a. Yawancin motoci idan hazad na kunne sigina ba ta nuna inda za ka juya, kuma ranar da ka tsaya da gaske na bayanka ba zai gane ba. A kunna ƙananan fitilun gaba, a bar hazad don lalacewa ko tsayawar gaggawa.

Mene ne ladabin wurin haɗuwar kansa?

Shiga da fita a yi su da tafiyar da mai ƙafa zai iya jerawa da kai, domin wurin cike yake da mutane suna kallon waya, ga yara suna gilmawa tsakanin motoci. A nemi izinin mai fili tun da wuri. Kada a toshe ƙofar gidan mutane, ko hanyar masallaci, ko ta asibiti. Kada ka jingina da motar wani, kada ka buɗe ƙofarta sai ya ce bismillah, kuma ka tambaye shi kafin ka sa lambar motarsa a intanet. Masu salansa mai ƙara su ji tsoron Allah: bayan katangar nan akwai mara lafiya, akwai mai jego da jariri.

Lokacin watsewa ya fi kowane lokaci haɗari. Jama'a sun yi layi a bakin ƙofa, wayoyi a sama, ana ta ihu, sai direba ya ji dole ya nuna abin da injinsa zai iya. Ya take totur yana kan karya kwana, ga yashin nan da iska ke tarawa a gefen kwalta. Motar da tayoyin baya ne ke tura ta, irin yawancin BMW da Marsandi, nan take bayanta zai zame, kuma inda za ta nufa shi ne inda mutanen suke tsaye. Shugabannin ƙungiya su sa mutum a bakin ƙofa, su kuma sanar tun farko cewa duk wanda ya yi haka ba za a sake gayyatarsa ba.

To wasan mota fa, ai shi ne daɗin abin?

Juya mota tana hayaƙi gwaninta ce, ban musa ba. A Japan, inda wasan ya bunƙasa, da sauran ƙasashen da ake gasarsa, a rufaffen fili ake yi, da shinge tsakanin mota da 'yan kallo, da hular kwano, da motar asibiti a gefe. Abin da ake yi a wasu unguwanninmu ranar ɗaurin aure ko da Sallah, mota mai nauyin tan ɗaya da rabi tana juyi a tsakiyar da'irar yara ba tare da ko igiya ba, wannan tuƙin ganganci ne, kuma laifi ne da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da 'yan sanda suke kamawa a kai. Ƙungiyar da take son wasan da gaske ta nemi fili, ta nemi izini a rubuce, ta kashe kuɗi a kan shinge kafin ta kashe a kan taya.

Me za a duba kafin a kama hanya?

Taya tukuna. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar gwanjo tana iya zama da zane mai kyau alhali robar ta bushe, kuma zafin kwaltar watan Afrilu ba ya raga wa irinta. A gwada iska da safe kafin taya ta ɗauki zafi, har da safaya. Sai birki, da ruwan lagireto, da fitilu, da jak, da abin kashe gobara, da alwatikar gargaɗi. Lasisi da takardun mota su kasance a hannu, domin a shingen jami'ai kowa da kansa zai amsa. Kowa ya ɗaura bel, har na kujerar baya. Direba ba ya riƙe waya, ɗaukar hoto aikin na gefensa ne, shi ma daga cikin mota, ba a zaune a kan taga ba. Wanda ya sha wani abu, ko kodin ne ko taramol, a karɓe makullinsa ba tare da jin nauyi ba. A tsara tafiyar yadda za a tsaya sallar Azahar a huta, a kuma dawo kafin Magariba, domin da duhu ne ake karo da tirelar da ta mutu a tsakiyar hanya babu fitila.

Idan Allah ya kawo tsautsayi, me sauran za su yi?

Kada ayarin duka ya cunkushe a wurin. Mota ɗaya ko biyu su tsaya, sauran su wuce zuwa inda za su sauka daga kan kwalta gaba ɗaya. A kunna hazad, a kai alwatika can baya da nisa yadda mai tahowa zai gani da wuri. A kira 122, layin kyauta na Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112. Wanda ake zaton ya bugu a wuya ko a baya kada a fizgo shi daga mota, sai in ana tsoron wuta. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Idan wanda aka buge ɗan gari ne, alhakin kai shi asibiti da sanar da hukuma yana kanku. Kuma kada kowa ya ɗauki hoton wanda ya ji rauni, balle ya tura a WhatsApp kafin iyalinsa su samu labari.