Yawan hura iska ba shi ne gauraya ba

An daɗe ana ɗauka cewa in aka ƙara hura iska cikin tankin da ake sarrafa magani irin su penisilin, dole ruwan ya ƙara shan oksijin. Abin yana da iyaka. Farfela mai fukafukai 6 da ke juyawa cikin tankin tana gauraya ruwan, wadda ake kira Rushton, ita ke farfasa iskar ta koma ƙananan kumfa. Kwaikwayon kwamfuta, da gwaji ma, sun nuna iskar na taruwa a bayan kowane fiffike kamar aljihu. Aljihun na girma, ƙarfin da farfelar ke zubawa cikin ruwa na raguwa, wani lokaci kusan rabi. In iskar ta wuce kima, sai ta haura ta tsakiya ɓul-ɓul, ta bar gindin tanki fayau, ba kumfa.