Ilimi dole, amma makaranta fa?

Mutane da yawa sun ɗauka in gwamnati ta ce ilimi dole ne to shikenan dole yaro ya je makaranta. Ba ko'ina abin yake haka ba fa. A Ingila dokar ilimi ta 1996 cewa ta yi iyaye su tabbatar yaro ya samu ilimi, a makaranta ko ta wata hanya, shi yasa koyar da yara a gida ba laifi bane. Amurka ma jihohi 50 duk sun yarda amma kowacce da sharaɗinta, New York sai ka kai rahoto sau 4 a shekara, ni wannan ya fi kwanta min a rai don yaron ma yana da haƙƙi, Texas kuwa ba ruwansu da rahoto. Jamus ce ta hana, har tara ake cin iyaye. Faransa tun 2022 sai da izini.