Ma'anar "Aikin Ganin Ido" a Maganar Raya Ƙasa

"Ganin ido" daɗaɗɗiyar magana ce a bakin Bahaushe, kuma a cikin gida da kasuwa ta girma kafin ta shiga bakin 'yan jarida da masu sharhi a kan ayyukan gwamnati. Idan aka ce yaron shago yana aikin ganin ido, ana nufin yana zage damtse muddin maigida na zaune, da zarar ya ba da baya kuma sai hannu ya yi sanyi. Haka ake faɗa wa wanda ya share zaure da ƙofar gida saboda baƙi, ya bar juji a bayan ɗaki. Malamai kuma suna da kalmar riya ga wanda ya kyautata ibada don mutane su gani su yaba. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne cewa idon mai kallo ya zama ma'aunin aikin, amfanin da aka fara aikin dominsa kuwa ya koma baya.

Da wannan ma'ana kalmar ta shiga maganar raya ƙasa. Aikin ganin ido a nan shi ne gini ko hanya ko tasha da aka zaɓa, aka tsara, aka kuma gaggauta saboda yadda zai fito ranar buɗewa, ba tare da an tsaya an amsa tambayoyin da ke biyo bayan wannan rana ba: wa zai yi amfani da shi, da me zai haɗu, daga ina kuɗin gyaransa zai riƙa fitowa, kuma wa zai biya bashin da aka ci. Wasu kan ce aikin "a gani a faɗa", wasu kuma su jawo karin maganar kitso da ƙwarƙwata. Girman aiki ko kyansa ba sa mayar da shi na ganin ido, domin akwai manyan ayyuka masu kyau da suka ciyar da al'umma gaba, akwai kuma ƙananan da ba su tsinana wa kowa komai ba.

Na ga ƙaramin misalinsa da idona a wani ƙauye, ranar da aka zo ƙaddamar da rijiyar burtsatse. An kafa rumfuna, mata sun yi anko, makaɗa sun cika wuri, an shafe tankin da sabon fenti har yana ɗaukar ido. Babban baƙo ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka yi guɗa, wata tsohuwa ta tara hannu ta sha ta yi addu'a mai tsawo. Bayan kwana uku famfon ya ƙafe, sai aka gane cewa da motar ruwa aka cika tankin a daren jajibiri, injin da zai jawo ruwan kuwa ba a ma sa shi ba. Yaran garin suka koma rafi da jarkokinsu, suna wucewa ta gaban allon da ke ɗauke da sunan aikin. Har yau idan na tuna addu'ar tsohuwar nan raina yakan ɓaci, domin da gaske ta yarda wahalarta ta ƙare.

Dalilan da ke haifar da irin wannan aiki ba ɓoyayyu ba ne. Wa'adin mulki shekara huɗu ne ko biyar, mai mulki kuma yana son abin da zai nuna kafin zaɓe. Sabuwar kwangila tana da riba ga masu bayarwa da masu karɓa, gyaran tsohon abu kuwa ba shi da biki kuma ba a manna masa allon suna. Sai dai laifin bai tsaya ga masu mulki kaɗai ba. Mu kanmu mun saba auna mutum da motarsa da tsayin katangarsa, kuma da wannan ido muke auna ƙasa. Gwamnan da ya gina gadar sama yakan sha yabo fiye da wanda ya biya malaman firamare a kan kari ko ya sa magani a asibitin karkara, saboda gada ana ɗaukar hotonta a sa a waya a kwatanta ta da Dubai, lafiyar mai jego kuwa ba ta fitowa a hoto. Son abin duniya da ya addabi gidajenmu shi ne ya hau sama ya zama manufar gwamnati.

Inda wannan ɗabi'a ta fi tsada shi ne harkar sufuri, musamman jirgin ƙasa, domin layin dogo ba shi da rabin amfani: ko dai ya haɗa inda kaya suke da inda ake bukatarsu, ko ya zama ƙarfe a kwance a daji. Nijar tana da misali mai ciwo. Tun zamanin mulkin Faransa layin da ya taso daga Kwatano, a gaɓar teku, ya tsaya a Parakou, cikin Benin, bayan kilomita 438, daga nan sai a sauke kaya a loda wa manyan motoci su nufi Gaya da Dosso da Yamai. A 2014 kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, aka kuma ƙaddamar da shi a watan Janairun 2016, ana saura 'yan makonni a yi zaɓen shugaban ƙasa. Ga ƙasar da ba ta taɓa samun jirgin ƙasa ba, wannan rana ce ta alfahari, kuma ban ga laifin wanda ya yi murna ba. Amma tsakanin Dosso da Parakou ba a shimfiɗa komai ba, rikicin shari'a da wani ɗan kasuwar Benin a kan wanda ke da haƙƙin aikin ya tsayar da ɓangaren can, sai layin ya zama bai taɓa teku ba. An fara aikin daga inda manyan baƙi za su taru, aka bar inda kaya za su fito, kuma jirgin bai zama hanyar fatauci ba.

Kenya ma ta ɗanɗana irin wannan. Layin zamani da aka gina da bashin China daga Mombasa ya isa Nairobi a 2017, aka ƙara shi zuwa yankin Naivasha a 2019, sannan kuɗi ya yanke, alhali hujjar gina shi tun farko ita ce ya kai Yuganda ya ɗauki kayan ƙasashen da ba su da gaɓar teku. A Abuja kuma jirgin cikin gari da aka buɗe a 2018 ya daina aiki a 2020, bai dawo ba sai a 2024, bashin da aka ci dominsa kuwa bai daina tafiya ba a tsawon shekarun da taragon ke ajiye.

Akwai kuma wani abu da hoton ranar buɗewa ba ya nunawa, wato siyasar maƙwabta. Hanyar da ta ratsa iyaka tana rayuwa ne muddin gwamnatocin biyu suna ga maciji da juna. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ECOWAS ya sa Benin da Najeriya suka rufe iyakokinsu da Nijar, gadar da ke tsakanin Malanville ta Benin da Gaya ta Nijar ta zama kango, manyan motoci suka yi dogon layi, kayan da ba sa jure jira kamar albasa suka riƙa lalacewa a kan hanya. Daga baya Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ƙi buɗe nata, kaya suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, hanya mai tsawo da haɗari wadda talaka ke biyan kuɗinta a farashin shinkafa da magani. Hatta bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin sai da wannan saɓani ya taɓa shi a 2024. Duk wanda ya tsara babban aikin sufuri bai lissafa ranar da za a ɓata da maƙwabci ba, lissafinsa bai cika ba.

Wannan ya kawo mu ga layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka fi jifa da wannan kalma a 'yan shekarun nan. An aza harsashinsa a Fabrairun 2021 zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke gina shi, tsawonsa kilomita 284, a kan kuɗi kusan dala biliyan 2, kuma zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Masu suka, yawancinsu daga kudancin Najeriya, sun ce an yi shi ne don son yanki. Ni ban yarda da wannan hukunci kai tsaye ba, domin duk wanda ya san Kantin Kwari da Dawanau da kasuwar Maraɗi ya san cewa fatauci tsakanin waɗannan garuruwa ya girmi iyakar da Turawa suka shata, kuma burin janyo kayan Nijar daga Kwatano da Lome zuwa tashoshin Legas buri ne mai ma'ana. Damuwata a wani wuri take. Sabon layin mai faɗin milimita 1,435 ne, tsohon dogon da ya haɗa Kano da Legas kuwa 1,067 ne, saboda haka tarago ɗaya ba zai hau duka biyun ba. Sabon dogo daga Legas ya tsaya a Ibadan tun 2021, na Abuja zuwa Kaduna yana aiki tun 2016, amma tsakanin Ibadan da Abuja akwai babban giɓi. Idan ba a cike shi ba, kwantenar da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas sai an sauke ta an sake lodawa kafin ta ga Maraɗi, kuma wannan shi ne ciwon da ya kwantar da layin Dosso.

Saboda haka ya kamata a riƙa amfani da kalmar da adalci, domin 'yan adawa kan manna ta ga kowane aiki da ba nasu ba, magoya baya kuma su ɗauki duk wata tambaya a matsayin hassada. Niyyar mai aiki ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Dogon da ya iso Kano a 1911 Turawa sun shimfiɗa shi ne da fatan kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila, amma da yake ya haɗa gona da teku, manoma da fatake suka karkatar da shi zuwa gyaɗa, har aka tara dalar gyaɗa da ta riƙe tattalin arzikin Arewa shekaru da dama. Layin Kano zuwa Maraɗi zai iya bin wannan sawu, zai kuma iya bin na Dosso. Abubuwan da za su raba gardama su ne ko an haɗa shi da teku, ko tashar kaya ta tsandauri ta Dala da ke Kano za ta riƙa karɓar kaya ta jirgi, ko an ware kuɗin gyara da tsaro bayan darasin harin jirgin Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022, da kuma ko ƙofar Jibiya za ta zauna a buɗe, yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS tun Janairun 2025.