Hira da Tambayar Kai: Yadda Ɗan Kasuwa Zai Gane Inda Ya Dosa

A Aboabo da Asawase, kamar sauran unguwannin zango na Kumasi a ƙasar Ghana, da wuya a sami matashin da ba ya burin buɗe nasa shagon ko garejin. Wanda ya yi ƙaranci shi ne mai iya faɗin wane irin shago, domin su wa, kuma nan da yaushe.

Mene ne bambancin buri da alƙibla?

Buri shi ne mutum ya ce yana son Allah ya buɗa masa. Alƙibla kuwa ita ce mai sayar da wake da shinkafa a bakin kasuwar Kejetia ta ce nan da shekara 3 tana son ta bar talla a bakin titi, ta kama ɗaki mai kujeru, ta riƙa kai wa ma'aikata abinci har wurin aikinsu. Ana iya auna maganar ta biyu, ana kuma iya musanta ta, shi ya sa take da amfani.

Me ya sa sai an yi hira da wani?

Saboda mutum idan yana tunani shi kaɗai, ba ya ƙaryata kansa. Amma da zarar ya furta shirinsa a gaban wani, aka ce masa "wa zai saya?", sai ya ji inda maganar ta yi rami. Matambayi ba ya ɓata, kuma Alƙur'ani ya umarci Annabi (SAW) da yin shawara a Suratu Ali Imrana, aya ta 159.

Da wa ya dace a zauna?

A ganina, nan ne aka fi yin kuskure. Yaro yakan je wurin maigidansa, shi kuwa ya shiga ba shi labarin yadda aka yi fataucin goro a zamaninsu, yaron yana sunkuye yana cewa "haka ne, Baba", har a tashi bai faɗi abin da ke ransa ba. Nasihar manya tana da muhallinta, sai dai wannan zama yana bukatar wanda zai yi tambaya ya yi shiru, wanda ba ya binka bashi, ba kuma sana'arku ɗaya ba. Majalisar ataya ba ta dace ba, domin a can kowa mai ba da shawara ne.

Waɗanne tambayoyi ake yi?

A fara da abin da ya riga ya faru: wane aiki ne mutane suke dawowa wurinka saboda shi, wanne kuma kake yi dole kawai? Daga nan a bi amsar da "don me?" sau da yawa, dabarar da Taiichi Ohno ya yaɗa a kamfanin Toyota don gano tushen matsala ta hanyar maimaita tambayar har sau 5. A ɗauki yaron kanikanci a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, da ya ce yana son nasa garejin. Don me? Don ya daina jiran sallamar maigida. Don me sallamar ba ta isa? Don aikin da ya fi ƙwarewa a kai, wato wayoyin lantarkin mota, ba a cika kawo shi garejinsu ba. Ashe ba rumfa yake bukata ba tukuna, na'urar binciken lantarkin mota ce da gareji uku ko huɗu da za su riƙa kiransa.

Yaya za a hana maganar ta tsaya a baki?

Kafin a tashi, a rubuta abu ɗaya da za a yi cikin wata guda, da kuɗinsa a sidi, da inda kuɗin zai fito, ko adashi ne ko ajiyar MoMo, wato asusun kuɗi na wayar hannu. A sa ranar sake zama, domin lissafi yana tsufa: a Disamban 2022 hauhawar farashi a Ghana ta wuce kashi 54 cikin 100, jarin da aka ƙiyasta a farkon shekarar bai isa sayen kayan ba a ƙarshenta. Mai yin istihara ya yi ta bayan ya san takamaiman abin da yake nema wa zaɓi.

Idan alƙiblar ta canza fa?

Ba laifi ba ne. Alhassan Dantata ya yi fataucin goro a wannan ƙasa tun tana Gold Coast, amma bayan jirgin ƙasa ya isa Kano, ya karkata ga cinikin gyaɗa, da ita kuma aka fi saninsa har rasuwarsa a 1955.