Me ake nufi da "littafin kuɗi" a zaurukan marubutan intanet?

Duk wanda ya taɓa shiga zauren karanta labaran Hausa a WhatsApp ya san gargaɗin nan da ake liƙawa a saman shafi: littafin nan na kuɗi ne, wadda ba ta biya ba kada ta karanta, wadda kuma ta fitar da shi waje ita da Allah. A ƙasansa sai lambar asusun banki, da lambar wayar da za a tura shaidar biya. Wani lokaci har da wata lamba ta daban domin mutanen Nijar masu biya da sefa, abin da ba baƙo ba ne gare mu a Sakkwato, tunda daga Illela zuwa Birnin Ƙwanni taku kaɗan ne.

Baƙo zai ɗauka littafi ne bugagge mai bango da za a aiko masa a mota. A'a. Littafin kuɗi labari ne da marubuciya ke bugawa a wayarta tana sakinsa shafi-shafi. Na ce marubuciya domin mata ne suka fi yawa a fagen, masu rubutun da masu karatun duka. Shafukan farko kyauta ne, ana watsa su ko'ina, daga wannan zaure zuwa wancan, a Facebook, a Wattpad, a Telegram. Su ne ɗanɗano, irin ɗan yankin da mai kilishi zai miƙo maka kafin ku yi ciniki. Da labari ya ɗauki zafi sai a tsaya cak. Mai son ci gaba ta biya, a saka ta a rufaffen zaure inda sauran shafukan za su riƙa sauka. Wasu marubutan sukan buɗe zaure biyu, na gama-gari da na musamman, waɗanda suka ƙara kuɗi su riƙa samun shafuka da yawa ko su riga kowa karantawa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a lokacin da ake karɓar kuɗin nan, sau tari ba a gama rubuta littafin ba. Wani ma rabinsa bai samu ba. Ke nan mai karatu ba littafi ta saya ba, alkawari ta saya: cewa za a ci gaba, za a riƙa sakin shafi a ranakun da aka faɗa, kuma za a kai ƙarshe. Duk wata magana a kan littafin kuɗi, ta gyaran rubutu ce ko ta tara masu karatu, daga nan take tashi.

Sayar da labari gutsure-gutsure ba yau aka fara ba. Littattafan da ake wa laƙabi da adabin kasuwar Kano, waɗanda suka bunƙasa daga shekarun 1980, haka suke fitowa: na ɗaya, na biyu, na uku, kowane yana ƙarewa a inda zai sa ka koma wurin mai sayarwa ko mai bayar da haya. Da takarda ta yi tsada, waya kuma ta shiga hannun kowa, sai kasuwar ta yi ƙaura. Abin da ya canza shi ne an cire dillali daga tsakani. Babu maɗaba'a, babu ɗan kasuwar da zai karɓi littafinki bashi ya biya lokacin da ya ga dama. To amma tare da su an cire edita, an cire mai duba kurakurai. Marubuciya ita ce mai rubutu, mai gyara, mai talla, mai karɓar kuɗi, kuma ita ce mai sasanta rigimar zaure da tsakar dare.

Daga nan ne kuskuren sababbin shiga ke fitowa. Yarinya ta ga ana cewa wance ta sayi mota da rubutu, sai littafinta na farko ta maƙala masa farashi. Shiru kake ji. Ba don labarin ba shi da daɗi ba, sai don babu wanda ya san ta, ba kuma a ba da kuɗi kan alkawarin wanda ba a sani ba. Akasarin waɗanda ake rububin littattafansu na kuɗi sun fara ne da na kyauta, suka kai su ƙarshe ba tare da an roƙe su ba, har masu karatu suka shaida cewa in sun ce Litinin to Litinin ɗin ce. Yawan mutanen zaure ba shi ne ma'auni ba. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, kuma za ki iya cika shi maƙil da mutanen da ba sa ko buɗe saƙo. Wadda za ki dogara da ita ita ce wadda ta karanta ta dawo tana jin haushin abin da kishiya ta yi a shafi na bakwai, tana tambaya yaushe za a saki na takwas. Irin waɗannan ko su hamsin ne sun fi dubun 'yan kallo, domin su ne za su ɗauki shafinki su kai zaurukan da ba ki taɓa jin sunansu ba.

Mu Sakkwatawa bai kamata wannan ya zame mana sabon karatu ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ba ta rubuta waƙoƙinta ta ajiye su a taska tana jiran a zo nema ba. Ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajoji, wato matan da ke jagorantar su, tana ba kowace malfa a matsayin alama, su haddace karatun su kai wa matan ƙauyuka. Ita da ta iya Larabci da Fulatanci, abin da take son ya isa ga talakawa sai ta mayar da shi Hausa. Ba ciniki take yi ba, kada a fahimce ni a baibai. Abin lura dai shi ne ta san waɗanda take yi wa rubutu, ta kuma tanadi ƙafafun da za su kai musu.

Sai maganar shafukan ɗanɗanon kansu, inda a ganina aka fi yin sakaci. Su ne kaɗai abin da baƙuwa za ta gani kafin ta yanke shawara, amma sai ka buɗe shafi na ɗaya ka tarar da rabinsa gaisuwa ce ga ƙawaye da sadaukarwa ga ƙungiya, sai tallar turaren wuta da kayan mata (ba na zargin kowa, tallar nan tana biyan kuɗin data), sannan a fara labarin da bayanin wani tangamemen gida da jerin motocin da ke harabarsa. Mai karatu ta ga irin wannan gida sau ɗari. Gwada farawa da matar da ke tsaye bakin murhu, ta ji sallamar mijinta tare da wata muryar mace da ba ta sani ba, ta ci gaba da tuƙin tuwonta ba ta juyo ba. Ba a faɗi kalar fatarta ba, ba a faɗi tsawon gashinta ba, amma kowa yana son ya ji abin da zai biyo baya.

Ƙa'idar rubutu ma tana cikin abin da ake saya, ko da mai saye ba ta faɗa ba. "Yace", "bazan", "zataje" a cure wuri ɗaya suna gajiyar da ido. Daidai shi ne "ya ce", "ba zan", "za ta je". Haruffa masu ƙugiya kuwa babu sauran uzuri a kansu, domin Gboard, manhajar buga rubutu a waya, yana da allon Hausa, ɗora shi ba ya cin minti biyu. Wanda ya rubuta "ya bata" alhali yana nufin "ya ɓata" ya bar mai karatu da aikin da shi ya kamata ya yi. Dabara mafi araha ita ce karanta shafi da babbar murya kafin a sake shi. Duk inda harshe ya sarƙe, to jimlar ce ba ta zauna ba.

Tambayar da marubutan garin nan suka fi yi ita ce ta kari: a rubuta da Sakkwatanci ko da daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa Kananci? Ra'ayina shi ne bayanin marubuci ya tafi a daidaitacciya domin mai karatu ta Zariya ko Damagaram ta bi ba tare da tuntuɓe ba, amma bakin mutanen cikin labari a bar musu abinsu. In tsohuwa ce 'yar Kanwuri ko Gidan Igwai a nan cikin Sakkwato, a bar ta ta ce "mi kac ce?", ta ce "munka tahi", ta ce "wagga ɗiya". Wannan gishiri ne da marubuciyar wani gari ba za ta iya kwaikwayo ba tare da an gane ta ba, kuma a kasuwar da labarai suka yi kama da juna, abin da ya bambanta ki shi zai sa a tuna sunanki.

Tsarin yana da illarsa ga rubutun, gara a faɗa. Tunda an biya kuɗi, akan ji dole a cika shafuka, sai labarin da ya isa ya ƙare a shafi arba'in a ja shi zuwa ɗari, a yi ta rashin lafiya da hatsarin mota da ɓacewar tunani. Ga kuma matsin lambar zaure: masu karatu su taru su ce kada a kashe wane, a aura wa wance wane, marubuciya ta karkata don kada a yi fushi. Sharhi abu ne mai amfani, yana nuna inda aka yi gundura da inda aka taɓa zuciya, amma wadda ba ta san ƙarshen labarinta ba tun kafin ta fara, zaure ne zai rubuta mata shi. Wasu kuma sun gano batsa tana sayuwa da sauri, sun bi can, sun jawo wa sauran baƙin jini a wurin iyaye da malamai. Maganin jan labari, in ana nema, shi ne gwada gajeren labari. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata tana ƙayyade yawan kalmomi, kuma duk wadda ta taɓa matse labari ya shiga wannan ma'auni ta san jimloli nawa ne a rubutunta ba sa aikin komai.

Babban ciwon kai dai shi ne sata. Mutum ɗaya ta biya, ta kwafe shafin ta watsa a zaure goma. Wani ya tattara littafin gaba ɗaya ya mayar da shi fayil yana rabawa, wani ya karanta shi a tasharsa ta YouTube yana cin kuɗin talla, marubuciya ko sannu. Allah ya isan da ake rubutawa a saman shafi daga nan ta samo asali. Doka tana nan: Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi hanyar neman a sauke aikin da aka ɗora a intanet ba da izini ba, YouTube ma yana da wurin shigar da irin wannan ƙorafi. Telegram yana da saitin da ke hana kwafa da turawa daga zaure, shi ya sa wasu suka koma can, wasu kuma suka koma manhajoji irin su ArewaBooks inda ake karatu a ciki. Sai dai manhaja ma ba gidan gado ba ce. OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka ɗora littattafansu a kai, ta rufe a ƙarshen 2023. Waɗanda suke da zaurensu da lambobin masu karatunsu sun sanar da sabon wuri sun ci gaba, waɗanda kuwa ba su san masu sayen littattafansu ba sai ta manhajar sun koma neman jama'a daga farko.