Tsohuwar Marsandi: tambayoyin da ya kamata ka yi kafin ka miƙa kuɗi

Marsandi E-Class ƙirar W211, wadda aka ƙera daga 2002 zuwa 2009, tana cikin motocin alfarmar da suka fi jan idon mai saye a wurin dillalai. Kujerun fata, lafiyar tafiya, ga kwarjini, kuma sau da yawa kuɗinta bai kai na Corolla sa'arta ba. Ga abin da masu sha'awarta suka fi tambaya.

Me ya sa take araha haka?

Saboda dillalai sun san abin da ke gaban wanda zai riƙe ta. Farashin motar ne ya faɗi, na kayan gyaranta yana nan daram. Abin da ke tsufa a cikinta kuwa ba ƙarfe ba ne, roba ce da wayoyi da na'urorin lantarki, waɗanda zafin rana irin na Kano ko Sakkwato ke busar da su ko da motar tana ajiye. Araha ba ta ado. Idan kuɗin da ke hannunka iyakar na sayen ne, ka haƙura tukuna.

Wane inji ya fi aminci a cikinsu?

Na E240 da E320 na farkon ƙira, wato M112 mai silinda 6, yana da juriya sosai. Sai dai fulogi 12 yake ci, biyu a kowace silinda. Wanda ya gaje shi, M272 da ke cikin E350 da E280, ya fi ƙarfi, amma na shekarun farko yana da wani ciwo sananne: haƙoran giyar sandar da ke daidaita girgizar inji suna cinyewa da wuri. Fitilar inji za ta kama, na'urar binciken mota ta nuna lamba P0016 ko P0017. Giyar kanta ba wata babba ba ce, kaiwa gare ta ne aiki, don yawanci sai an sauke injin ɗungurungum.

Na ajiye mota da daddare, da safe na tarar ta durƙusa. Mene ne wannan?

Taka mai Airmatic ce, wato jakunkunan iska ne ke ɗauke da ita a madadin sifirin. E500 da shi take zuwa, haka S-Class ta wannan zamanin. Jakar roba ce, da shekaru sai ta tsattsage a wurin da take naɗewa, iska ta riƙa zurarewa a hankali. Ka tayar da motar, za ka ji famfon da ke hura jakunkunan yana ta gurnani a gaba har ta miƙe, sai ka ce ai ta warke. Nan mutane ke yin asara. Famfon an yi shi ne don ya yi aiki na ɗan lokaci ya huta, idan aka bar shi yana cika jakar da ta huje kullum, ƙonewa zai yi, gyara ɗaya ya koma biyu. Bakanike mai lura zai fesa ruwan sabulu a jikin jakar da bututun, inda ya ga kumfa nan ne.

Wasu kan cire tsarin gaba ɗaya su sa sifirin da shakazoba na yau da kullum. Ban ga laifinsu ba, musamman wanda ke bin hanya mai ramuka. Motar dai za ta rasa wannan laushin da aka saye ta dominsa.

Ana ta tsorata ni da birkin SBC. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne. Waɗanda aka ƙera daga 2002 zuwa tsakiyar 2006 suna da wannan birki, inda famfon lantarki da kwamfuta ke matse tayoyi, ƙafarka umarni kawai take bayarwa. Kamfanin ya janye motoci kusan 680,000 a 2004 saboda shi, sannan ya daina sa shi a W211 lokacin da ya sabunta ƙirar a 2006. Famfon yana ƙirga sau nawa aka taka birki, idan ya kai iyakarsa sai gargaɗi ya fito. Akwai masu goge lissafin da kwamfuta su ce an gyara, alhali famfon da ya gaji yana nan. In ya tsaya cak, birkin tayoyin gaba kaɗai zai rage, shi ma sai ka danna da dukkan ƙarfinka. Jan rubutu game da birki ya bayyana, ka faka.

Tsarin yana son lantarki mai ƙarfi, shi ya sa motar ke da batir biyu, babba a but, ƙarami a gaba. Man birki kuma a canza shi duk shekara biyu.

An ce ba a canza man giyarta har abada.

Haka kamfanin ya faɗa da farko, daga baya ya koma ba da shawarar a canza a wajen kilomita 60,000. A canza tare da tacensa, kuma da man da ya dace, ba kowane jan mai na bakin titi ba. A giya mai hawa 5 a duba soket ɗin da wayoyi ke shiga. Robarsa kan saki, mai ya bi cikin waya har ya isa kwamfutar giya. Ƙaramin abu ne mai araha, amma ya sa an sauke giya masu lafiya da yawa.

Bakanikena ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi.

Kada ka yarda. Kwamfutar injin tana auna mai ne bisa zafin da injin ya kai. Ba tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗau zafi, injin zai daɗe bai kai zafinsa ba, ya yi ta shan fetur yana tara dauɗa. Idan mota na zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, famfon ruwa ya gaji, fanka ta yi rauni, ko tankin roba ya tsage. Kuma a daina ɗura mata ruwan rijiya ko na leda, tsatsa da gishiri yake bari a ciki.

Tunda ana maganar ruwa, ka hana yaran wurin wanki watsa wa injin ruwa mai ƙarfi. Kafin damina a buɗe magudanan da ke ƙarƙashin gilashin gaba da na rufin sama, don ganye da ƙurar hunturu na toshe su, ruwa ya gangara kan akwatunan lantarki.

Tana mutuwa a cunkoso, in ta huce sai ta tashi.

Fara da na'urar da ke karanta juyawar kiranshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin inji. Idan ta tsufa, zafi ne ke kashe ta. Kafin a tabbatar, kada kowa ya taɓa famfon mai ko ƙwaƙwalwar mota.

To ya zan duba wadda zan saya?

Ka je da sassafe, injin na sanyi, kafin dillali ya tayar da ita. Ka ga ko ta kwana a miƙe. Ka murɗa makulli ka tabbata kowace fitilar gargaɗi ta kama sannan ta mutu, don akwai masu toshe su. Ka ɗaga kafet ka taɓa ko da danshi. Sannan a jona ta da kwamfutar Star ta Marsandi, ƙaramar na'urar da ake yawo da ita a aljihu ba ta ganin birki da Airmatic. Kayan gyara ana samun na Beljiyam a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kuma don ƙofa ko fitila ko madubi babu laifi. Jakar iska da famfon birki da duk wani abin roba kuwa, tsohon da za a ba ka sa'an wanda ka cire ne, ka sayi sabo.