Sunan Sinadari Zanen Jikinsa Ne: Tambayoyi da Amsoshi kan Sinadaran Kabon

Ɗalibi yakan buɗe littafin kemistiri ya ci karo da suna irin 2,2,4-trimethylpentane, gabansa ya faɗi, ya ɗauka sai hadda. Ba hadda ake buƙata ba. Sunan karanta shi ake yi gaɓa-gaɓa. Na bar sunayen yadda ake rubuta su a duk duniya, domin harafi ɗaya in ya canza, sinadarin ma ya canza.

Wane sinadari ake kira oganik?

Shi ne wanda aka gina jikinsa a kan kabon, galibi tare da haidirojin, wani lokacin da oksijin, naitirojin ko salfa. A da masana sun ɗauka sai jikin mai rai kaɗai ke iya samar da irinsa. A shekarar 1828 Friedrich Wöhler na ƙasar Jamus ya haɗa yuriya, sinadarin da ke cikin fitsari, daga wani gishiri a ɗakin gwaji. Wancan tunanin ya shuɗe a hankali, sunan kuwa ya zauna. Akwai 'yan kaɗan masu kabon da ba a sa su a wannan gida, kamar iskar CO₂ da gishirin kabonet.

Me ya sa sai an yi musu tsarin suna na musamman?

Saboda yawansu. Ƙwayar kabon hannu huɗu gare ta, kuma tana iya riƙe 'yar'uwarta, waccan ma ta riƙe wata, har su yi doguwar sarƙa, ko sarƙa mai rassa, ko zobe. Shi ya sa ake lissafa su da miliyoyi.

Masanan farko sun riƙa raɗa suna daga inda suka samo abu. Formic acid daga kalmar Latin ta tururuwa ne, domin daga jikinta aka fara tatso shi. Butyric acid kuwa daga man shanu, shi ne ke ba shi wari idan ya lalace. Sunaye ne masu daɗin labari, amma ba sa gaya maka komai game da surar sinadarin. A 1892 masana suka taru a birnin Jeniba na Suwizalan suka shimfiɗa ƙa'idojin farko. Ƙungiyar IUPAC ta masana kemistiri na duniya, wadda aka kafa a 1919, ita ke riƙe da aikin har yau.

Ta yaya ake kasa su dangi-dangi?

Ana farawa da waɗanda kabon da haidirojin ne zalla. In duk ɗaurin da ke tsakanin kabon da kabon guda-guda ne, dangin alkane ke nan, fomularsu CnH2n+2, inda n ke nufin adadin kabon. In akwai ɗauri biyu a wuri ɗaya, alkene ne. In uku ne, alkyne. Sai masu zoben benzene, C₆H₆, da ake warewa daban don halinsu daban ne.

Sauran dangogin kuwa ana gane su ta wani ɗan gungun ƙwayoyi da ke maƙale a jikin sarƙa, wanda shi ke tafiyar da halin sinadarin. Gungun –OH shi ne alamar alkohol, sunan ya ƙare da -ol. Gungun –COOH na asid ne, ya ƙare da -oic acid. Kabon mai ɗauri biyu da oksijin, in a bakin sarƙa yake, sunan ya ƙare da -al. In a tsakiya ne, -one.

To, yaya ake karanta dogon suna?

Nan ne zuciyar maganar. Kamar kalma a nahawu, suna yana da saiwa, da ɗafa-ƙeya, da ɗafa-goshi. Saiwa ta faɗi adadin kabon a sarƙa mafi tsawo: meth 1, eth 2, prop 3, but 4, pent 5, hex 6, hept 7, oct 8, non 9, dec 10. Waɗannan goman kam dole a haddace su, ba makawa. Ɗafa-ƙeya ta faɗi dangi. Ɗafa-goshi ya faɗi rassa da mazauninsu.

Mu koma kan wanda ya tsorata mu, amma mu faro daga ƙeya. Ɗauki biro. "Pent" na nufin kabon 5, jera su a layi ka sa musu lamba. "Ane" na nufin duk ɗaurin guda-guda ne. "Trimethyl" rassa uku ne, kowanne CH₃. Lambobin 2,2,4 kuwa adireshi ne: rataya biyu a kan kabon na 2, ɗaya a kan na 4. Cike ragowar hannayen da haidirojin, ka ƙirga, za ka sami C₈H₁₈. Ka zana sinadarin da ba ka taɓa gani ba, daga sunansa kawai. Kuma ba baƙo ba ne: shi aka ba maki 100 a ma'aunin okten na man fetur.

Me ya hana a ce 2,4,4? Da an faro ƙirga daga ɗaya bakin, haka zai fito. Ƙa'ida ita ce a gwada jerin biyu lamba da lamba, inda suka fara saɓawa a ɗauki mai ƙaramar lamba. In rassan iri daban-daban ne, a jera su bisa haruffa, ethyl kafin methyl, ba a la'akari da di (biyu) ko tri (uku).

Wane kuskure ne ya fi kama masu koyo?

Yarda da ido. A kan takarda za a zana kabon huɗu a miƙe, a saƙalo reshe mai kabon biyu a ƙarƙashin na biyu, ɗalibi ya rubuta 2-ethylbutane cikin sauri. Ɗora yatsa a ƙarshen reshen, ka hau sama, ka karya kwana ka bi dogon ɓangaren layin har ƙarshe: kabon 5 ne. Sunan gaskiya 3-methylpentane. Sarƙa mafi tsawo ba lallai ta zama miƙaƙƙiya ba. A ganina wanda ya saba bin sarƙa da yatsa ya huta da rabin wahalar wannan darasi.

Fomula kaɗai ba ta isa ba ne?

Ba ta isa ba. C₂H₆O na iya zama ethanol, ruwan da ke tafasa a digiri 78 na ma'aunin Selshiyos, ko kuma dimethyl ether, wanda iska ne a zafin ɗaki. Ƙwayoyin ɗaya ne, jerinsu ne daban. Irin waɗannan su ake kira aisoma. C₄H₁₀ na da guda 2, C₆H₁₄ na da 5, C₁₀H₂₂ kuwa 75.

Kula da suna har rai yake karewa. Tsakanin ethanol da methanol harafi ɗaya ne a rubuce, kabon ɗaya a jiki. Amma methanol in ya shiga ciki, hanta na juya shi ya zama formaldehyde, sannan formic acid, kaɗan daga cikinsa na makantar da mutum ko ya kashe shi.

In gungu biyu suka haɗu a sinadari ɗaya fa?

Babba ya ɗauki ɗafa-ƙeya, ƙarami ya koma goshi. Asid na gaba da -al, shi kuma yana gaba da -one, sannan -ol. Lactic acid na da –COOH da –OH, don haka sunansa 2-hydroxypropanoic acid, inda hydroxy ke nufin –OH ɗin da ya koma goshi.

An yi watsi da tsofaffin sunaye ke nan?

A'a. IUPAC da kanta ta amince da wasu, irin su acetic acid da benzene, kuma a ɗakin gwaji za ka fi jin acetone a bakin mutane bisa propanone. A jikin kwalba kana iya tarar da kowanne daga cikin biyun, wani lokacin duka, da fomula a ƙasansu.